'Yan Majalisar Takobi da Gimbiya

Littattafan yaƙi ba su taɓa iso mana Tarai da sabon bango ba. Daga Kano suke tasowa, su ya da zango a Rano, kafin su zo hannunmu shafin ƙarshe wani ya ƙulle ƙosai da shi. Yanzu harkar ta koma waya, amma mutanen da ke kewaye da littattafan suna nan yadda na san su.

Na gaban goshina shi ne mai "ba a taɓa rubuta irinsa ba". Bayan la'asar yake kama mutum, riƙe da littafin rubutu da ya cika da shuɗin biro, wuraren jini kuma da ja. "Yaya, minti biyu kawai." Kana cewa bismillah ka yi bankwana da sahun farko na magariba. Labarin yana farawa ne a wani birni mai ganuwa bakwai. Akwai azzalumin sarki, akwai boka a kogon dutse, akwai tsafaffen mashin da babu mai iya ɗaga shi sai wani maraya. Ka ce, "Anya ban ga wannan a wajen Abdulaziz Sani Madakin Gini ba?" Sai ya ɓata rai. "Haba Yaya, nasa ai takobi ne."

Sai an zo kan gimbiya zai gyara zama. Shafi uku cur ana siffanta ta: gashi har gadon baya, idanu dara-dara, wushirya, tafiya kamar ba ta son taka ƙasa. Daga nan ba ta da sauran aiki a duniya sai a sace ta. Aljani ya sure ta a littafi na ɗaya, boka ya ƙwace ta a na biyu, jarumi ya dawo da ita a na uku, duk tsawon wannan wahala abin da ya fito daga bakinta "wayyo" ne. Da na yi ƙorafi, ya tafi ya dawo da gyara, yana ta murmushi. Yanzu gimbiya jaruma ce, kafin azahar ta sare kawunan dakaru dubu arba'in. Amma jarumi na ɓullowa sai makami ya suɓuce mata, ta zube sumammiya. Na ce me ya kayar da ita, tunda ba a taɓa ta ba? Ya dube ni da tausayi ya ce, "So ne, Yaya." Ba na iya fushi da yaron nan, ga shi ba ya zuwa hannu rabbana, kullum da ƙullin gyaɗarsa.

Abokin gabarsa shi ne mai kama ɓarawo. Ya karanta Ganɗoki na Bello Kagara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ya ɗan leƙa James Hadley Chase, finafinan Indiya kuwa ya haddace. Ko tari jarumarka ta yi, zai ce Hema Malini ta riga ta. Ka tuna masa cewa Abubakar Imam kansa ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da labaran Turawa ya zuba a Magana Jari Ce, sai ya ce wannan ai Imam ne. Shi ko wasiƙa bai taɓa rubutawa ba.

Akwai mai tsallake. Mace na buɗe baki yake juya shafi, sai inda aka ce "suka kacame da azababben yaƙi". Littafi huɗu yake gamawa a dare ɗaya, bai san sunan amarya ba.

Goggona kuwa, da ake karanta mata da daddare, tambayoyi ne da ita. Wata shida yarinyar nan tana daji, wa ke yi mata kitso? Uwarta ba ta neme ta ba? Da ta kashe dodon, wa ya wanke mata kayan? Dariya muke yi mata a lokacin. Har yau dai ban ga marubucin da ya amsa ko ɗaya ba.

Sai mai Amina. Ba a tashi hira bai kawo Amina ta Zazzau ba, da Daurama, in ya yi nisa har Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari sojan Faransa a 1899. Ya ce muna da jarumai mata a gida, me ya kai mu aro? Gaskiya ya faɗa. Sai dai jarumar littafin da yake rubutawa 'yar sarkin Misra ce, ko dutsen Rano ba ta taɓa hangowa ba. (Tawa 'yar sarkin Farisa ce, amma wannan magana ce daban, ba a taɓa rubuta irinta ba.)

Duk waɗannan ina shan shayi da su. Wanda ba na iya zama inuwa ɗaya da shi shi ne mai "wa ya rubuta mata?" A wajensa mace ta tsaya a kishiya da uwar miji, bindiga da bincike na maza ne. Ba ruwansa da cewa Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kwikwiyo tun 1990, har aka buga fassararsa ta Turanci a Indiya a 2012. Ba ruwansa da gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara shirya wa mata a 2016.

Wata ƙanwarmu ta taɓa rubuta labarin masu garkuwa da mutane a dajin Falgore. Jarumarta mai tallar nono ce, ba ta da takobi, ba ta da wushirya. Abin da ta sani shi ne hanyoyin shanu, da gidan da ya fara sayen fura fiye da yawan mutanensa. Da wannan ta gano maɓoyar. Ni dai tsaye na karance shi. Mutumin nan ya karɓa, ya duba shafi biyu, ya kalle ta a gaban jama'a ya ce, "Faɗi gaskiya, wane saurayin ne ya ba ki?" Yarinya ta karɓi littafinta ta shige gida, kashi na biyu bai fito ba har ta yi aure. Shi kuwa jiya ma na wuce shi a bakin tasha yana faɗa wa yara cewa marubutan Hausa ba sa kawo sabon abu.