Kujera Biyar, Ido Ɗaya

Kai yaro, ajiye wayar nan ka matso, yau darasi za ka ɗauka kyauta. Share teburin, ka sauko mini da wancan DVD ɗin da ya cinye mana rabin kanta. Da hannu biyu, kada ka karkata shi, akwai amanar mutane a cikinsa. Ku kuma jama'ar benci, ku ci gaba da shan shayinku. Ni da yarona nake, kuma zancen inji muke yi. Wanda ya ji wani abu daban, tsakaninsa da kunnensa.

To, dube shi da kyau. Ka ga cika ido ko? Faɗinsa ya haura santimita 40, bayansa ma ya yi tsawo kusan haka, shi ya sa ba kowane teburin talabijin ke ɗaukarsa ba, sai an ture kayan wasu gefe kafin ya samu wurin zama. Ƙirjinsa duk lambobin yabo ne: Dolby Digital, DTS, MP3, VCD, ga fitila shuɗiya, ga maɓallai a jere. Bayansa ramukan waya ne birjik, rawaya da ja da fari, har da na sifika biyar da babbar mai gurnani ta shida. Duk baƙon da ya shiga falo, kafin a ba shi ruwa an riga an gaya masa cewa wannan faifai biyar yake ci a zama ɗaya. Ci kam yana ci. Wannan ko maƙiyinsa ya shaida.

Miƙo sukundireba mu kwance murfin, don ba a sanin inji daga fuska. Yauwa. Ka ga babban farantin nan mai zagaye? Ƙirga gurabensa. Biyar. Kowane gurbi kujerar faifai ɗaya ce. Yanzu leƙa can ƙurya, ka ga ɗan gilashin nan da bai kai ƙwayar wake ba? Shi ne ido. Shi ke harba jan haske a cikin faifai ya karanto abin da aka ɗora. Nemo mini na biyu. Nema dai, ina jiranka. Babu ko? Kujera biyar, ido ɗaya. In yana duban faifai na farko, sauran huɗun suna zaune a duhu, kowanne na zaton ana kan aikinsa. Tun kafin a ƙera shi magabata suka gama magana: taura biyu ba ta taunuwa. Balle biyar.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya taɓa yin rana. Ko da DVD ya fito a Japan a 1996, mu nan VCD ne ya daɗe yana cin kasuwa, shi kuwa faifansa ba ya wuce minti 80. Fim ɗin Indiya mai awa uku sai an raba shi faifai uku. Namu na Hausa ma kashi na ɗaya ne da na biyu. Ana tsakiyar kuka, jaruma ta gane mahaifinta, sai hoto ya tsaya, a tashi yaro ya je ya canza. A wancan zamanin mai cin biyar sarki ne. Ka loda masa, ka jingina da filo, shi zai juya farantinsa ya kawo na gaba. Ranar suna a zuba masa faifan waƙa biyar, yana tsallen nan da can har la'asar. Sai faifan DVD ya zauna da gindinsa, guda ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, fim cikakke ba yankewa. Aikin da ake tara kujeru dominsa ya ƙare tuni. Son kujerun ne bai ƙare ba.

Saurari halinsa na farko. Ka ce masa bar na biyu ka koma na huɗu. Sai ya saki wannan, ya yi ƙurrr, ya yi ƙwas, ya juya, ya tsaya, ya sake juyawa, duk gida ya san ana aiki. Ƙarar ta fi aikin yawa. In kuma fim ɗin DVD ya ƙare, kana zaton zai wuce na gaba da kansa, sai ya koma shafin farko na zaɓi ya tsaya, yana maimaita ɗan guntun kiɗa ɗaya, ya ƙare ya sake, ya ƙare ya sake. Ka fita sallah ka dawo, yana nan a kan wannan kiɗan. Ana kai, ana kai, in sha Allahu mako mai zuwa. A'a, kiɗan nake kwaikwaya, Malam, kada ka dube ni haka. Sai wani ya taso ya danna shi da hannu yake motsi.

Hali na biyu shi ne zaɓen fuska. Mai shi yana alfahari wai daga Amurka aka yo masa tsarabarsa, kuma gaskiya ne. Abin da ba ya faɗi shi ne, masu fina-finai sun raba duniya shiyya shida. Amurka ce ta ɗaya, mu nan muna ta biyar tare da Indiya da Rasha. Tsarin hotonsu NTSC, namu PAL. Wutarsu bolt 120, tamu 230. Ranar da ya iso, saboda ɗokin a gani, aka cusa shi a soket ba tare da tiransifomar rage wuta ba. Tas! Hayaƙi. Nan teburin aka kawo shi, ni na sauya abin da ya ƙone, kuma kuɗin wannan aikin yana cikin littafi har yau, shafin ma ya fara yin ja. Da ya farfaɗo sai ya nuna asalinsa. Kawo masa faifai mai ƙyalli a kwali na ƙasar waje, kafin ka zauna ya buɗe, har da rangaji. Kawo masa na Ƙofar Wambai, ko wanda mai ɗaukar hoton biki ya buga a shagonsa, sai ya juya shi, ya shinshina, ya yi shiru. Bai san shi ba. A unguwa ɗaya suke kwana, amma bai san shi ba. Ga wancan ɗan ƙaramin na Caina a kan kanta, kujerarsa ɗaya, ba fitila ba taƙama, ko faifan da yara suka yi wasa da shi a ƙasa ka ba shi zai lallaɓa ya karanta maka. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Yanzu zo ka ga ciwon da ya kawo shi wannan karon. Taɓa bel ɗin nan. Ya saki, ya zama igiya. Dubi haƙoran robar da ke juya faranti, ƙurar hunturu ta haɗu da tsohon man giris ta zama kunu. Idon kansa ya yi hazo, rabonsa da auduga da sifirit Allah kaɗai ya sani, don mai shi gogar fuska kawai ya iya. A kan duk wannan, aka ɗauke wuta yana tsakiyar juyi, aka ɗauke shi da kaya a ciki aka jefa a A Daidaita Sahu. Takardar da ke zuwa da irin waɗannan tana gargaɗi a fitar da faifai kafin a motsa inji, amma wa ya karanta? Faifai suka zame daga kujerunsu, ɗaya ya hau kan ɗaya, tire ya ƙi fita. In mai kujera ɗaya ya cije, mutum ɗaya ne ya yi asara. Wannan da ya cije, gida biyar ya shiga da su.

Jona shi ka gani. Karanta abin da ya rubuta a goshinsa. No Disc. Wai babu komai a cikinsa. Kai da idonka kana ganin biyar a kwance, shi kuwa ko kunya babu, da fitila mai haske yake sanar da jama'a cewa ba a ba shi komai ba.

Zaro su a hankali, riƙe ta gefe, kada ka sa yatsa a ciki. Wannan na bikin 'yar wata baiwar Allah ne, kwafi ɗaya tak, mai ɗaukar hoton ma ya bar gari. Ta yi zarya har takalminta ya san hanya. Wannan tafsirin azumi ne, aron kwana biyu aka karɓa. Wannan walimar saukar karatu ce ta wani maraya. Wannan Sangaya ne, tsohon fim ɗin Ali Nuhu, mai shi yana ajiyarsa don tarihi. Na biyar ko suna babu a kansa, sai mun saka a ɗan Caina mu ga na wane ne. Ko ɗaya babu na mai injin. Kujerun nasa ne, abin da ke kansu na mutane.

Wannan ya tuna mini labarin da wani direba ya ba ni na wata unguwa can nesa, ba tamu ba, Allah ya kiyaye. Wai mutum ɗaya ne ke riƙe da kuɗin adashi, shi ne na gyaran kwata, shi ne na 'yan sintiri, shi ne na rufin masallaci, shi ne kuma na karo-karon tiransifoma. Duk wanda aka ce a ba wa ɗaya daga ciki, sai ya ce ai yaro ne, ba zai iya ba. Damina ta zo kwata ta cika, 'yan sintiri suka daina fitowa, aka je tambaya, goshi ya kawo haske. Ni dai ban san mutumin ba. Alhaji, lafiya ka miƙe? Shayinka ko rabi bai yi ba. Zauna mana, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as, kai kuwa me ya haɗa ka da kaza?

To yaro, koyi jerin uzurin masu irin wannan inji, don za ka sha jin su. Na farko, wuta ce ba ta da kyau. Na biyu, faifan mutane ne masu datti. Na uku, yara sun ɓatar da rimot, kuma rabin aikinsa sai da rimot. In duk sun ƙare sai a zo kan mai gyara. Labari ya iso ni cewa ana zagawa majalisa ana cewa ni ban iya aikin kayan waje ba, hannuna na rediyon kondo ne. Na gode. Rediyon kondo dai tasha ɗaya yake kamawa a lokaci guda, kuma bai taɓa haɗiye kayan kowa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki, wai mai shi yana cigiyar wanda ya fi wannan. Akwai su kam. Onkyo ta yi mai cin shida, Pioneer ta yi mai 301, Sony har mai 400 ta ƙera, faifai a tsaitsaye cikin zobe. Ka san ido nawa ne a cikin mai 400 ɗin? Ɗaya. Kuma na ji ana raɗe-raɗin buga fasta, wai mazaɓa gaba ɗaya ake so a loda. Wanda biyar suka cije masa, ina ga ɗari huɗu?

Duniya ma ta yi gaba ba ta yi masa sallama ba. Haɗa faifan nan biyar a cike, gigabait 23.5 ke nan. Ɗan memorin da ke cikin wayarka mai 32 ya shanye su har da saura, ba bel, ba faranti, ba ƙara. Tun da Arewa24 ta fara a 2014, ga YouTube, ga masu tura fim a waya a kowace kwana, wa ke zaman jiran faranti ya juyo? Yaran yanzu ko naira ɗari aka tura, saƙo ke shigowa da rana da lokaci. Zamanin da ake rufe murfi a ce ku yarda da ni ya wuce.

Samo ambulan biyar. Sa kowane faifai a nasa, ka kai wa masu shi hannu da hannu, ka fara da baiwar Allahn nan. Kada ka karɓi ko sisi, ka ce su yi haƙuri, ba su suka yi laifi ba. Injin kuma mayar da shi kanta haka a buɗe, kada ka ɗaura noti ko ɗaya. Bel ɗinsa ba tsada, ido ma yana gogewa, amma ba zan taɓa shi ba sai an biya tsohon bashi. In mai shi ya aiko, ka ce ina gaisuwa, ka ce kuma shawarar mai gyara ita ce ya riƙa saka faifai ɗaya, ya kalla har ƙarshe, ya mayar wa mai shi, sannan ya karɓi wani.

Sukundireban nan kuwa kada ka mayar da shi akwati. Sa mini a aljihun riga. Ranar Asabar bayan isha'i akwai taron unguwa a ƙofar gidan mai unguwa, kuma dattawa sun ce kowa ya zo da kayan aikinsa, akwai murfin da za a kwance.