Kwamfuta Na Zagaye, Hali Na Fitowa

Tun da Microsoft ta janye hannu daga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, jama'a suka yi ca a kan Windows 11. Wasu sun haye lafiya. Wasu kuwa kwamfutarsu ta maƙale a tsakiyar kogi: ta kunnu, ta nuna tambari, ɗige-ɗigen nan su yi ta zagaye, ta mutu, ta sake tashi. A nan ake sanin halin mutum.

Ga Mai Haƙuri. Allon ya ce kada a kashe, shi kuwa ba ya saɓa umarni. Kwana biyu yana zaune gabanta kamar mai jinya, har tuwo nan ake kai masa. Ka tambaye shi, ya ce, "Ta kusa, ɗazu ma ta kai kashi 30."

Maƙwabcinsa Sarkin Gaggawa ko minti biyar ba ya jira, sai ya danne maɓallin kashewa. Abin haushi, sau da yawa shi ke dacewa, domin idan aka katse tashin Windows sau biyu ko uku a jere, da kanta take buɗe shafin gyara, inda ake cire sabuntawar da ta jawo rigimar. Shi bai san haka ba. Zafin zuciya ne ya yi masa rana.

Akwai kuma "Wallahi ban taɓa komai ba". Sai an matsa masa yake tuna cewa an ɗauke wuta ana tsakiyar aikin, batirin kuma ya mutu tun bara.

Wanda na fi tsoro shi ne Malam Fomat. Ciwon kai, fomat; ciwon ciki, fomat. Filashinsa mai giga 8 na rataye a wuya kamar laya. Kafin ka gama gaya masa cewa tsohon tsarin na nan cikin Windows.old, kuma akwai kwana 10 na komawa baya, ya riga ya share hotunan bikinka da kundin digirinka. Sannan ya dube ka da murmushi, ya ce, "Yallaɓai, ai yanzu ta fi gudu."

Shi kuwa wanda allon ya nemi mabuɗin BitLocker mai lamba 48, tausayi ma yake ba ni. Mabuɗin na cikin asusunsa na Microsoft, kalmar sirrin asusun kuma ya adana ta cikin kwamfutar.

Mai karatu, in taka ta fara wannan zagaye, ɓoye ta kafin Malam Fomat ya ji labari.