Lissafin Cikin Amarya, Aikinmu Ne

Mu 'yan Zango ba mu da na biyu wajen lissafi, in dai lissafin cikin wata ne. Ranar da aka kai amarya, kafin a gama wanke tukwanen biki, tuni Hajiyoyin Nima da Maamobi suka fara ƙirga mata watanni. Wata uku, a riƙa gaishe ta da "Amarya, ya jiki?" alhali ko ciwon kai ba ta yi ba. In ta yi ƙiba, a ce ya shiga. In ta rame, a ce laulayi ne. In ta tofar da yawu a bakin famfo da safe, kafin azahar labari ya kai Fadama, kafin la'asar Madina ta ji. Shekara ta zagayo shiru, sai a gidan suna wata gwaggo ta ɗora mata jariri a cinya ta ce, "Riƙe, ko kya yi sha'awa." Sai ka ce dā ƙi ta yi.

Shi kuwa ango yana can majalisa yana shan ataya, ana musun ƙwallo. Ba mai ƙirga masa ko kwana ɗaya.

Shirin aure kam mun iya shi. A tara lefe, a fitar da yayi kala uku, a kama mai kiɗa da mai hoto, alwanka ta zo, a sa lalle. Ranar Laraba a shiga kasuwar Nima a ciko jaka da kayan gyaran amarya, wannan a sha da nono, wancan a dafa da kaza. Duk an shirya daren farko. Abin da muke so daren ya haifar, shi ne ba wanda ya shirya wa. Ka ce a je a gwada jini kafin a kai kuɗin gaisuwa, sai a ce maka, "Kai, zargin 'yarmu kake?" Alhali a Ghana, cikin jarirai 100 wajen 2 da ciwon sikila ake haihuwarsu. In miji AS ne mata ma AS, kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu ɗan ya zo da SS. Mu da asalin da yawanmu arewa ne, ga kuma AC, wanda in ya gamu da AS yakan ba da SC. Gara a sani tun lefe bai bar gida ba.

Akwai wata 'yar unguwarmu, nas ce, ba ta zuwa suna ta tafi ba ta ɓata wa wani rai ba. Ita ce ta ce mana ƙwayar nan ƙarama ta folik asid da ake ba mu wurin awo, mun saba shanta bayan jirgi ya tashi. Wata ta ce, "To Anti, mutum ya sha maganin ciki ba ciki?" Ta ce, "Ƙwarai kuwa. Lakar bayan jariri da mafarin ƙwaƙwalwarsa suna gama haɗewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin ke kina can kina cewa wataƙila jinin ne ya yi lattin zuwa." Don haka mai neman ciki ta fara sha tun da saura aƙalla wata guda, maikurogiram 400 kullum, ta ci gaba har ciki ya wuce wata uku. Ta haɗa da ganye: kontomire, alefu, zogale, da waken da ke cikin waakye, ba shinkafar kawai ba. Mai ciwon suga ko hawan jini ta daidaita shi tukuna. Mu kuwa ko cikin ya samu, ɓoye shi muke don tsoron baki, sai ya turo zane sannan a nufi asibiti, duk da tun 2008 gwamnati ta sa awo da haihuwa cikin inshorar lafiya kyauta.

Ku zo kan 'yan uwanmu boga, mazauna ƙasar waje. Alhaji yana Jamus, ko Italiya, ko Amurka. Shekara guda ya zo sau ɗaya, da Babbar Sallah ko a Disamba, ya yi mako uku. Mako ɗaya ya tafi gaisuwa Kumasi, wani makon ta'aziyya Tamale ko Bawku, sauran kwanakin abokai sun cika falo har tsakar dare. Ya hau jirgi ya koma, bayan wata biyu uwarsa ta kira amarya ta ce, "Har yanzu shiru?" Hajiya, ta waya ake yi? A kowane wata, kwanakin da ciki ke iya shiga ba su wuce shida ba: kwana biyar kafin ƙwan mace ya fito, da ranar da ya fito. Ƙwan kansa kwana ɗaya ne ransa, maniyyi ne ke iya jira har kwana biyar. Fitowar tasa kuma takan zo ne kamar kwana 14 kafin jini na gaba. Mai yin jini duk kwana 28, lokacinta wajen rana ta 14 ne in ta ƙirga daga ranar da jinin ya fara, mai kwana 35 kuwa sai wajen rana ta 21. Alamarsa ruwa fari mai yauƙi irin na ayoyo. Wadda mijinta ke gida ba sai ta wahala da kalanda ba, su kusanci juna duk kwana biyu ko uku ya wadatar. Wanda ke waje kuwa, kafin ya yanki tikiti ya tambayi uwargida kwanan wata, kamar yadda yake tambayar ranar Sallah.

Inda muka fi ƙwarewa shi ne ɗora wa mace. Ita ce mai namijin dare, ita aka yi wa asiri, ita ce mai farar ƙafa. Ta sha rubutu, ta sha saiwa, ta sayi kwalbar mai tallan magani a cikin trotro wadda ke maganin basir da taifot da rashin haihuwa duk a murfi ɗaya. Wasu har su yi ta cusa matsi, su jawo wa kansu cutar da dā babu ita. Addu'a kam ba mai raina ta, haihuwa ta Allah ce. Amma bututun mahaifa da tsohon ciwon sanyi ya toshe, ko ƙarin da ya tsiro a mahaifa, ko ƙwai da ba ya fitowa kan lokaci, duk abubuwa ne da likita ke gani a hoto da gwaji, da yawansu kuma suna da magani. Mai nema yana tare da samu, in ya nema inda abin yake.

Likitoci kuma sun daɗe suna faɗa: kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, da hannun namiji a matsalar. Faɗi haka a majalisa ka ga tashin hankali. "Ni? Tambayi matata!" Malam, ba ƙarfinka ake tambaya ba. Mutum na iya zama ingarma, ruwan ya zo ba iri a ciki. Sigari, shisha, wiwi, tramol, ciwon sanyin samartaka da aka yi wa rabin magani, hangum da ya kama mutum bayan ya balaga, duk suna taɓa shi. Samarinmu masu ɗaga ƙarfe da ke yin allurar kumbura ƙwanji su sani, ita ma tana tsayar da shi. Daɗin abin, jiki na ɗaukar kamar wata biyu da rabi ya ƙera sabon iri, wanda ya bar waɗannan yau yana iya ganin canji kafin wata uku. Gwajin ma ba allura, ba wuƙa, ɗan kofi ne za a miƙo maka. Amma mu sai mu ƙaro ta biyu. Shiru. Mu ƙaro ta uku. Shiru. Sannan mu taru mu ce, "Oh, Alhaji bai yi sa'ar mata ba."

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin shida yakan gamu da wannan jarrabawa a rayuwarsa, mai kuɗi da talaka. Ƙa'idar likitoci ita ce, in an shekara ana tare ba tsari kuma shiru, a je a duba. In matar ta haura 35, wata shida ya isa, don shekaru ba sa jiran a gama shawara da dangi. Asibitin Maamobi na nan a bakin ƙofa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ku Ridge ko Korle Bu. Dashen ciki ma ana yin sa a ƙasar nan tun 1995, lokacin da aka haifi jaririn farko ta wannan hanya a Tema, sai dai tsada, kuma inshora ba ta biya. Yawanci ba sai an kai can ba, in an je da wuri, kuma an je su biyu.

Saboda haka kukanmu wurinku yake, iyayen maza. Matar ɗanku ta ce ya raka ta asibiti, ya ce ba shi da lokaci. Abokinsa ya faɗa, ya ce hassada ce. Ke kaɗai ce ba ya ƙetare maganarki, Hajiya. Ke kika miƙa shi hannun wanzami yana ɗan kwana bakwai, ya yi ihu ya gaji, bai hana a yi ba. Yau ma ki sa shi gaba. In kin ga ya fito da takardar gwajinsa a hannu, to ki zo mu zauna mu tambayi surukarki tata.