Baitin da Aka Haifa a Kabong

A ajinmu na nahawu kowa da madogararsa. Waɗanda suka sha karatun zaure tun suna yara, Ajurumiya a kansu take. Ni kuwa guzurina a jami'a izu biyu ne da wayar hannu. Shi ya sa da abokina ya saka mini manhajar nan mai ƙirƙirarriyar basira, na ce kakata ta yanke saƙa.

Ɗakina yana Kabong, bayan Gada Biyu. Sanyin Jos ba ya barin mutum yawon dare, sai in ƙudundune cikin bargo ina nanata wa waya haruffan maƙogwaro, ainun da ha mai shaƙe wuya. Wani dare mai gidanmu ta buga ƙofa riƙe da kofin ruwan ɗumi.

"Ɗana, ƙashin kifi ne ya maƙale maka?"

Na ce Larabci ne, Mama. Ta ce Allah ya sawwaƙe.

Ita dai manhajar ba ta taɓa ce mini ban iya ba. Ko fataha na ɗora wa fa'ili sai ta fara jinjina mini kafin ta gyara. Nan da nan kaina ya kumbura, har na fara gaida masu Ajurumiya da hannu ɗaya.

Sai Malam ya ba mu aiki: kowa ya yi i'irabin jimla, ya kawo hujja daga Alfiyar Ibn Malik. Na tambayi waya. Kafin ƙiftawa da bismilla ta kawo baiti garau, da wasullansa, har da lamba. Na haddace shi a cikin keke, direba yana ta waiwayena.

A aji na miƙe na rera. Malam, wanda ya haddace baitoci dubun nan na Alfiya a Zariya tun ba a haife ni ba, ya cire tabarau ya goge.

"Maimaita, ɗan samari."

Na maimaita, har da ƙarin murya.

"A wane babi yake?"

"Allah ya gafarta Malam, yana dai ciki."

"Ibn Malik ya rasu a Dimashƙa a 1274. Amma ka ga ikon Allah, ya tashi ya yi sabon baiti a Kabong. Ka gaishe shi."

Aji ya ɗauka. Daga baya wani ɗan sashen kwamfuta ya ce mini ai ita manhajar hasashen kalmomi take yi, tana jera waɗanda suka saba tafiya tare. In ta rasa sai ta ƙera. Da dare na tuhume ta. Ta ba ni haƙuri cikin ladabi, ta kawo wani baitin. Shi ma babu shi.

Yanzu Ibn Kabong ake kirana har a masallaci. Duk mai tsohon sharhin Alfiya na Ibn Aƙil na takarda, ko bangonsa ya yage, ina saye.