Kunkuru da Belbela a Shagon Buga Takardu

Ga ta nan, ga ta nanku.

A ƙasar Shanga, inda Kwara ke fara buɗewa kafin ta zama tafkin Kainji, an yi wani tsohon Kunkuru mai shagon buga takardu. Kwamfuta ɗaya gare shi, da firinta, da ɗan janareta. Daga Dugu Tsoho, daga Giron Masa, har daga tsallaken ruwa ake kawo masa aiki: takardar neman aiki, katin ɗaurin aure, yarjejeniyar jinginar gona. Kowa ya san Kunkuru da nawa, amma in ya zauna gaban Word 2003 sai ka rantse ba shi ba ne. Kalmomi tara ne jere a saman allon, daga File zuwa Help, kowace ka taɓa sai ta zazzago da jerin umarni. Ƙarƙashinsu layi biyu na ƙananan hotuna, ga almakashi, ga firinta. Kunkuru ba ya ko duban su. Yana hira da mai aiki, hannunsa na kai linzami inda ya dace.

Yana da 'yar koyon aiki, Belbela, mai kaifin ido. Ita kam wuya take sha. Kullum sai ta ce, "Baba, ina ake ƙara tazarar layi?" Ya ce, "Shiga Format, ki sauka Paragraph." Gobe ta manta. Abin da ido bai gani ba, ba ya zama a kan Belbela.

Ana nan sai kwamfuta ta kamu da cuta. Aka kira Gizo mai gyara daga Yelwa. Ya share komai, ya ɗora Office 2007, bai tambayi kowa ba. Ya karɓi kuɗinsa ya ce, "Malam Kunkuru, na sa maka sabon yayi."

Da safe sai ga Zomo, magatakardan manoman albasa, da wasiƙar neman injin ban ruwa, motar Yelwa kuwa tana lodi. Kunkuru ya buga wasiƙa tsaf. Ya kai hannu wajen hoton firinta, wayam. Ya nemi File, babu. Wani faffaɗan ziri ne ya kwanta a saman allon, wanda ake kira ribon, da shafuka bakwai, kowane cike da manyan hotuna. Ya shiga Home, ya shiga Insert, ya dawo. Janareta na shan mai. Zomo na leƙen hanya. Ashe umarnin bugawa yana ƙarƙashin wani kewayayyen maɓalli can a kusurwar hagu, wanda Kunkuru ya ɗauka tambarin kamfani ne kawai. Kafin a gano, mota ta tashi.

Belbela kuwa sai ka ce an yi mata sallah. Ta ɗora linzami kan wani salon rubutu, takarda ta canza nan take tun ba ta danna ba. Ta buɗe Page Layout ta ga Watermark ƙuru-ƙuru, ta sa sunan ƙungiyar su Zomo dishi-dishi a bayan rubutu. Shekara da shekaru Kunkuru na mai da irin wannan aiki Yelwa, yana zaton injinsa bai iya ba, alhali abin yana nan binne cikin Format, ƙarƙashin Background.

Gardama ta kaure. Shi ya ce an rushe masa sana'a, ita ta ce an buɗe mata ido. Aka ɗunguma gaban Dorina a bakin ruwa, aka jawo Gizo.

Dorina ta ce a fara jin Shamuwa, tunda ita ce mai yawon duniya. Shamuwa ta ce, "Ranki ya daɗe, mutanen Microsoft a Amurka ba don mugunta suka yi ba. Word 2003 ya tara umarni sama da 1,500, layukan ƙananan hotunan nan kuwa sun kai 31. Har jama'a na rubuto musu wasiƙu suna roƙon a ƙara abubuwan da tuni suke ciki. Sai wani Jensen Harris da abokan aikinsa suka ce a fito da kaya fili, a jera su bisa aikin da ake yi da su. Sai dai ba su bar ƙofar komawa tsohon tsari ba. Kewayayyen maɓallin nan ma ba Malam Kunkuru kaɗai ya ruɗa ba, shi ya sa a Office 2010 suka cire shi suka mai da File."

Belbela ta ce, "Kun ji, Baba? Gyara ne."

Kunkuru ya daɗe bai ce uffan ba. Sannan ya ce, "'Yata, ba a haife ki ba a 1968, shekarar da ruwan Kainji ya hau. Ni a gungu na tashi, cikin Gungawa. Ruwa ya ci tsohuwar Bussa, ya ci gungaye, aka kwashe mutane sama da 40,000. Gidajen da aka gina musu na siminti ne, a jere, ba su zuba da damina. Yaran da aka haifa cikinsu ba su san wani gida ba, kuma ba su yi ƙarya ba in sun ce gida ne. Amma na ga tsohuwar da ta shekara tana tashi da dare tana laluben randa a inda take a ɗakin da ruwa ya ci. Wanda ya zana sabon gida ya auna bango, ya auna rufi, bai auna abin da ƙafa ta haddace ba. Haka Gizo ya yi mini. Ban ce zirin nan ba shi da kyau ba. Na ce shekarun da na zuba a hannuna, dare ɗaya aka kwashe, ba a ko yi mini sallama ba."

Wuri ya yi tsit. Ni mai ba ku labarin nan, a nan nake ganin gaskiyar Kunkuru ta fi nauyi, ko da yake Belbela ma tana da tata. Sabon shiga yana samun riba tun ranar farko, gwani kuwa shi ke biyan kuɗin canjin, da lokacinsa, da mutuncinsa gaban masu kawo masa aiki.

Gizo ya ce, cikin tsamin bakinsa, ai kowa sabo yake so. Dorina ta daka masa tsawa, ta ce man da janareta ya sha da kuɗin motar Zomo duk a wuyansa. Sannan ta tambayi Shamuwa ko akwai mafita.

Shamuwa ta ce akwai. A can saman zirin an bar wani ɗan siririn layi inda mutum zai jera kayan da ya fi ɗauka. In zirin ya cinye allo, a danna Ctrl da F1, sai ya naɗe. Ctrl da P na nan yana bugawa kamar da. In kuma Kunkuru ya ƙi gaba ɗaya, akwai LibreOffice, kyauta ne, yana zuwa da tsohon tsari, kuma tun 2019 mai son ziri yana iya zaɓarsa da kansa.

Dorina ta ce, "Belbela, ke kika san inda kaya suke yanzu. Ki zauna da babanki, ya faɗa miki abin da hannunsa ke nema, ki ɗauko masa."

Suka koma shago. Kunkuru ya ce firinta, Belbela ta ɗauko ta jera a siririn layin. Ya ce tazarar layi, ta ɗauko. Ya ce tebur, ta ɗauko. Da suka gama ya naɗe zirin, ya sake buga wasiƙar Zomo, ta kama motar washegari. In Belbela ta karɓi kujera da la'asar sai ta warware zirinta, shi kuma ya matso da tabarma yana cewa, "Nuna mini rubutun nan na dishi-dishi, a hankali."

Ƙurunƙus.