Rediyon Bazazzagi Ta Yi Gum

Bawana na Zariya, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka taso har Kano ka durƙusa. Na so in rufa maka asiri, amma da na ji abin da kake bazawa a majalisarku ta Tudun Wada, wai wani Bakano ne ya shiga motarka da farar ƙafa rediyo ta mutu, sai na ga gara in warware zare da abawa, masu karatu su yi mana alƙalanci.

Tun kafin in shiga motar nan a Kwangila rediyon ta kwana uku ba ta ce uffan ba. Ni ne ma na sha wahalar mutuwarta, domin tashar da ke bakinka ba a ɗauke mata wuta. Daga Zariya har Kwanar Ɗangora kana yi mini tarihin Sarauniya Amina da na Jami'ar Ahmadu Bello, kai ka ce kai ka haƙa harsashinta a 1962. Na roƙi Allah ya tashi rediyon nan ko tallar maganin basir ce in saurara.

Ga irin gyaran da ɗan birnin ilimi ya yi wa Honda Accord ɗinsa ta 2004. Da farko ka ɗirka wa dashbod duka sau uku. Da ba ta tashi ba, ka cire kan batir ka bar shi ya kwana a sake, wai don rediyon ta huce. Da wannan ma ya ƙi, sai ka yanke hukunci cewa kwananta ya ƙare, har ka taya sabuwa mai allo kamar talabijin. Mita ba ka ɗauka ba, murfin fis ba ka buɗe ba.

Da muka iso Kano na ja ka Ƙofar Ruwa, wurin wani mai wayarin. Ogan bai ko tashi daga benci ba, yaronsa ya turo, wanda gemu bai fara tsiro masa ba. Tambayarsa ɗaya: "Alhaji, tana kawo wuta ba magana, ko wutar ma babu?" Kai ka fara dogon bayani, ni na ce masa babu ko ƙyalli. Amsar da yake nema ke nan, domin ita ke raba hanya. In fuska na haske amma babu sauti, sai a bi sifika, musamman wayoyin da ke ratsawa ta cikin robar nan ta bakin ƙofa, inda buɗewa da rufewa ke tsinka su. In faifai na yi amma tasha sai shuuu, eriya ce, ta motarka kuwa siraran layuka ce a jikin gilashin baya, wanda na ga ka lulluɓe da baƙar leda don gayu. Amma in duhu ne ƙirin, to abinci ne ba ya isa gare ta.

Hanya biyu wuta ke bi ta shiga rediyon mota. Ɗaya kullum a kunne take daga batir, ita ke riƙe agogo da tashoshin da aka ajiye. Ɗayar sai an murɗa makulli. Kowacce da fis ɗinta, sannan ga wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota, wadda in ta yi tsatsa ko ta saki komai ya tsaya.

Yaron nan ya zaro kayan aikinsa daga aljihu: ƙwan fitila ƙarami da waya a ɗaure. Ya maƙala bakin wayar a ƙarfe, ya ce ka murɗa makulli, ya kwanta rigingine a gefen direba. Kowane fis yana da ɗigon ƙarfe biyu a bayansa. Ya taɓa wannan ƙwai ya kama, ya taɓa wancan ya kama, ya wuce. Da ya zo kan wani, gefe ɗaya ya kama, ɗayan shiru. Ya zaro shi ya ɗaga wa rana, ga zaren ciki ya rabu biyu, da ɗan baƙi a tsakiya. Minti biyar ba a yi ba.

Nan fa ilimin Zazzau ya motsa. Ka ce a naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin sigari, ko a sa rawaya mai 20 don ya fi ƙarko. Ogan ya dube ka ya dube ni. Fis ai ɗan fansa ne, an yi shi ya ƙone don waya ta tsira, shi ya sa kowanne da launinsa da lambarsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20. Ka sa wanda ya fi ƙarfin layin, wayar ce za ta ɗauki zafin a bayan dashbod inda ido ba ya gani. Kuma fis ba ya ƙonewa don nishaɗi. Yaro ya bi layi, sai ga shuɗayen fitilun nan da ka sa aka jona maka a ƙarƙashin kujera, a kan wayar rediyo aka ɗora su, an naɗe da leda, ledar ta zame tsiraicin waya na sumbatar ƙarfe. Gayunka ne ya kashe ta, ba ƙafata ba.

An sa sabo, fuska ta haskaka, ka fara murmushi, sai ta rubuta CODE. Sakayyar cire kan batir ke nan. Irin wannan rediyo da zarar wutar batir ta yanke sai ta ɗauka sace ta aka yi, ba za ta yi magana ba sai an ba ta lamba biyar. Ka ce ai shekarar haihuwarka ce. Wa ya san da haihuwarka a Amurka, ƙasar da aka yi wa rediyon nan? Kuma da maɓallan tasha ake shigar da lambar, daga 1 zuwa 6 suke, na tsaya ina kallonka kana laluben 9. Sau goma aka yarda mutum ya gwada, in ya ƙare sai ya bar ta a kunne awa guda. Ka cinye bakwai kafin in riƙe hannunka.

Ogan ya ce in takarda ta ɓata ana danne 1 da 6 tare a kunna, ta nuna lambar jikinta, a kai wa dillalan kamfani tare da lambar jikin mota. Amma ya ce a fara duba aljihun dashbod. Muka kwashe goro busasshe, carbi biyu, rasit na mai tun na bara, sai ga 'yar takarda manne a gefe, lamba biyar reras. Kaza ta kwana a kan dami, shekara shida.

Ta tashi, kai kuma ka shiga ƙorafin wai Rediyon Kaduna na shaƙewa. Wannan ba ciwo ba ne. Tashar tana kan 594, rediyon da aka yi wa kasuwar Amurka kuwa goma-goma take tsallake, daga 590 sai 600. Ka yi haƙuri ka kama Freedom a 99.5, ka ji Hausa mai kyau ko taka ta gyaru.

Ni na biya kuɗin fis, na sallami yaro, domin lokacin ka duƙufa neman wani abu a aljihun babbar riga. Na rubuta bashin. Watan Cika-ciki na tafe, ka haɗa da kuɗin shara ka kawo da kanka, kuma in za ka rage mini hanya, a bar rediyon a kunne.