Bakabe Zai Shiga Soja, Wa Zai Tsare Mana Kifi?

Zuwa ga bawana Bakabe, mazaunin Birnin Malam a ƙasar Jega. Bayan gaisuwa irin wadda ubangida ke yi wa yaronsa, ina fata shinkafar fadama ta nuna, kuma ƙayar kifi ba ta sake tsaya maka a maƙogwaro ba.

Labari ya iso mana Katsina cewa ka kammala karatun noma a jami'ar Aliero, ka yi hidimar ƙasa ka karɓo takardarka, yanzu kuma zuciyarka ta raya maka zama hafsan soja. Wai ma ba sojan ofis kake so ba, dakarun ƙafa kake hari, masu goya jaka su keta daji. Da aka ba da labarin a majalisarmu sai da aka kawo wa wani tsoho ruwa, don dariya ta sarƙe shi. Da ya farfaɗo tambaya ɗaya ya yi: in Kabawa suka koma bariki, wa zai riƙa kawo mana bandar kifi? Na ce a bari in rubuto maka, domin bawa ba ya yanke shawara irin wannan alhali ubangidansa na raye.

Na san garkuwar da za ka fara ɗagawa, Kanta. Duk Bakaben da aka ƙure a gardama can yake fakewa. Ban musa ba, Muhammadu Kanta namiji ne. Ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai wajen 1516, bayan sun saɓa a kan rabon ganimar yaƙin Agadas, ya gina Surame wadda kufan ganuwarta ke nan har yau. Amma ka riƙa ƙarasa labarin. Masu tarihi sun ce tushensa Kuyambana ne, a ƙasar Katsina ta wancan zamani, wato aronsa muka ba ku. Sun kuma ce a hanyarsa ta dawowa daga yaƙin Barno, a Dugul cikin ƙasarmu, kibiya ta same shi, ita ce ta zama ajalinsa. Mu muka bayar, mu muka karɓe abinmu. Saboda haka in za ka yi mini kurarin jarunta, ka fara da gode wa Katsina.

A wannan zamanin kuwa, in an ce soja a Jihar Kebbi, Zuru ake dubawa. Can aka haifi Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da marigayi Sarkin Zuru Manjo Janar Muhammadu Sani Sami. A masarautarku ta Gwandu akwai Manjo Janar Muhammadu Jega, wanda ya yi gwamnan soja na tsohuwar Jihar Gongola har sau biyu kafin ya hau gadon sarauta a 2005. Na yarda da waɗannan, ko da yake in na jero maka Hassan Usman Katsina da Shehu Musa 'Yar'aduwa da Muhammadu Buhari na Daura za ka nemi wurin zama. Amma kai ba Badakkare ba ne, ba kuma jinin sarauta ba. Jega an fi saninta da kasuwa da alƙalamin Farfesa Attahiru Jega. Aliero kuwa albasa da masu ɗori. Waɗannan na ƙarshe za su yi maka rana: in tsallen kwaɗo ya targaɗa ka, magani na ƙofar gida.

To, tunda ka nace, bari in buɗe maka ƙofofin, don na lura Bakabe in ya ga kaki ɗauka yake duk ɗinki ɗaya ne. Ƙofa ta farko ita ce Daffo ta Zariya, wadda ke horar da kurata tun 1924. Can ake shiga a fito farabiti, a yi ta neman igiya. Ta biyu ita ce doguwar hanya ta makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, NDA, wadda aka kafa a 1964: shekara biyar ga sojan ƙasa, karatun digiri da horo a haɗe. Wannan ta yaran da suka fito sakandare ce, kai gemunka ya riga ya hana ka. Abin da ya rage wa mai digiri hanya biyu ne. Akwai DSSC, ta masu sana'a a hannu, likitoci da lauyoyi da injiniyoyi da malamai da limamai, waɗanda soja ke ɗauka don su ci gaba da aikinsu cikin kaki. Na bincika, har yau ba a kafa bataliyar albasa ba, saboda haka kada ka sa rai. Sai SSC, gajeren kwas na mayaƙa, kimanin wata tara a NDA, a fito da anini ɗaya a kafaɗa. Wannan ce ƙofar da ke kai mutum cikin dakarun ƙafa, daga nan kuma sai makarantarsu da ke Jaji don ƙarin horo.

Sharuɗɗan SSC da soja ke bugawa a 'yan shekarun nan ba ɓoyayyu ba ne: shekara 23 zuwa 27, digiri mai daraja ta biyu ko babbar difloma, takardar gama hidimar ƙasa, shaidar ƙaramar hukuma, cikakkiyar lafiya, da tsawon da bai gaza mita 1.68 ba ga namiji. Ka auna kanka ba tare da hular nan taka mai tsini ba. Cike takardar nema kyauta ne. Duk wanda ya same ka a tashar Jega ya ce yana da wani babba a Abuja, ka kawo kuɗin buhun albasa goma a sa sunanka, ka riƙe aljihunka ka yi gaba. Na faɗa maka wannan ne don na san Bakabe da saurin yarda da mai babbar riga.

Yanzu ka ajiye dariyar, ka matso kusa. Kai abin da kake hange shi ne ranar yaye ku: takobi, fareti, hoto, sannan ka sauka a Birnin Malam 'yan matan da suka ƙi ka suna leƙe ta katanga. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce soja marmari daga nesa. Abin da ba ka hango ba shi ne washegari. Za a damƙa maka mutum wajen talatin a ce kai ne shugabansu. A cikinsu akwai saje wanda ya fara jin ƙarar harsashi tun kana firamare, zai sara maka, ya kuma zuba maka ido ya ga ko kana da kai. Akwai kofur mai mata biyu da 'ya'ya bakwai, akwai yaron da bai kai ƙaninka ba. In dare ya yi a daji, kai za ka ce a bi ta gabas ko ta yamma. In ka karanta taswira a karkace, su za su biya da jininsu. In abinci ya yi kaɗan, hafsan kirki shi ne na ƙarshen ci. In an yi kwanton ɓauna kowa ya kwanta, fuskarka za su duba kafin su san ko za su tashi. In kuma wani bai dawo ba, kai ne za ka san sunansa da sunan garinsu, kai za ka tattara kayansa a aika wa uwarsa. Wannan shi ne aikin, aninin ado ne kawai a kansa.

Kada kuma ka ɗauka hafsa a inuwa yake zama yana nuni da sanda. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali a fagen daga ya faɗi, a Malam Fatori, cikin Nuwamban 2016. Laftanar Kanar Ibrahim Sakaba ya rasu tare da yaransa a Metele cikin Nuwamban 2018. A Okuama ta Jihar Delta, cikin Maris na 2024, soja 17 aka kashe, har da kwamandan bataliya da manjo biyu da kyaftin. Waɗannan manya ke nan, balle ƙaramin laftana da ke gaban layi. Ba ka kuma da zaɓin inda za a tura ka. Kana iya roƙon Barikin Dukku a Birnin Kebbi don ka riƙa zuwa gida cin tuwon shinkafa, a wayi gari ka ga sunanka a bakin Tafkin Chadi, ko cikin fadamun Neja Dalta inda ko kifin ba irin naku ba ne. Sallah za ta zo kana rami. Matarka za ta haihu a yi suna ka ji ta waya, in akwai sabis.

Duk da haka ba zan ce maka aikin banza ba ne, don ni ma ina da idanu. Mu Katsinawa mun san abin da Batsari da Jibiya da Faskari suka gani. Ku ma wutar ta iso ku. An kwashe ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021. An yi wa sojoji kwanton ɓauna a Kanya ta Danko-Wasagu a watan Maris na 2022. Lakurawa sun kashe mutanen Mera a ƙasar Augie a watan Nuwamban 2024. Runduna ta 8 da ke Sakkwato ita ke ɗauke da jiharku da tamu da Zamfara, kuma tana bukatar hafsan da ya san daji da fadama, ya san yadda ake gaida hakimi, ya iya bambance makiyayi da ɓarawon shanu, wanda mutanen ƙauye za su yarda su raɗa masa abin da suka gani. In ɗan ƙasa mai ilimi ya ƙi wannan aiki, wa zai yi? Ko Bakabe, in an wanke shi da kyau, zai iya.

Saboda haka tambayar da nake so ka amsa, tsakaninka da Allah, ita ce me ya kai ka. In zaman kashe wando ne ya ishe ka, ka ga albashin soja ba ya yankewa, ka tuna kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin nan da rai ake yin sa. Soja ba kasuwar Jega ba ce da za ka taya ka fasa. Ranar da ka sa hannu ka ba da shekaru, wanda ya gudu kuma kotun soja ke jiransa. In don a ji tsoronka ne a gari, ka mari ɗan acaba ka wuce layin mai, to ka zauna gida, irin waɗannan sun ishe mu. In fushin abin da 'yan bindiga suka yi ne ke tafasa ka, ka bari ya huce tukuna, domin mai fushi in aka ba shi mutum talatin da bindigogi, ƙauyen da bai ji ba bai gani ba ne zai sha wuya. Amma in ka auna duk wannan, ka ga har yanzu kana son ka tsaya tsakanin talaka da mai cutarsa, kuma za ka iya ɗaukar umarni daga wanda ka fi ilimi ba tare da ka kumbura ba, to akwai magana.

Ga gwajin da ubangidanka ya yanka maka, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Ka tashi bayan sallar asuba ka yi gudu a hanyar Maiyama, da buhun masara rabi a bayanka, kullum har wata uku, ranar sanyi da ranar ruwa, ba tare da ka tare mai babur ba. Ka nemi tsohon saje da ya yi ritaya, suna nan da yawa daga Jega har Zuru, ka zauna ka yi shiru ya ba ka labarin da ba a sawa a talla. Ka je ka gaida matar sojan da mijinta bai dawo ba, ka tambaye ta yadda take ciyar da yara. Sannan ka durƙusa gaban mahaifiyarka ka faɗa mata gaskiyar inda dakarun ƙafa ke kwana, ba ka ce mata aikin ofis ne a Kaduna ba. In ta sa albarka da bakinta, ka tafi. In ta yi shiru tana share ido da gefen zane, ka san amsar ke nan.

In kuwa gwajin ya kayar da kai, babu abin kunya. Jami'ar da ta yaye ka an kafa ta a 2006 a tsakiyar ƙasar albasa, kuma har yau manomin Aliero na kallon rabonsa yana ruɓewa a rumbu saboda rashin ma'ajiya mai kyau, ko ya sayar da arha lokacin kaka don gudun asara. Wanda ya karanci noma ya magance wannan ya yi wa Kebbi aikin da za a daɗe ana faɗi. Sojan ma da ke daji sai an noma zai ci.

Hukuncina ke nan, bawana. Kada ka shiga don kaki, kada ka shiga don yunwa. In za ka shiga, ka shiga don mutum talatin ɗin nan da garuruwan da ke bayansu, da yardar iyaye. In Allah ya sa ka sami aninin, ka sani ko janar ka zama, ranar da ka shigo Katsina kai za ka fara sara mini, kuma kada ka zo hannu rabbana, bandar kifi da buhun albasa nake jira. Ƙofa a buɗe take in kana da bakin ramawa, sai dai ka nemi wani ya duba maka rubutun kafin ka aiko. Allah ya yi maka zaɓi mafi alheri, ya tsare dakarunmu da ke daji, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu.

Naka, ubangidanka Bakatsine.